Tambaya: tsinin H/V na ƙasa ne ko na injin wuta?

Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa masu aikin binciken ƙasa. Ina neman taimako a kan wani aiki da ya cije mini a nan Damagaram.

Muna auna ƙananan motsin ƙasa na yau da kullum da na'ura mai kama girgiza ta fuska uku (biyu na kwance, ɗaya na tsaye), sai mu lissafa ninki nawa ƙarfin na kwance (H) ya yi na tsaye (V) a kowane saurin girgiza, mu zana shi a layi, shi ne H/V, wato hanyar Nakamura ta 1989, a manhajar Geopsy. A Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, kan dutse, layin a kwance yake fitowa, kuma haka ya kamata. Matsalar tana wurin da yashi ya rufe dutsen. Can wani tsini siriri yake tashi a kan layin wajen hertz 25, wato girgiza 25 a daƙiƙa.

Abin da ya daure mini kai shi ne, injin wuta mai juyi 1500 a minti shi ma 25 yake bayarwa, kuma unguwar ba ta rabuwa da injin wuta da na niƙa. Amma in na bi lissafin f0 = Vs/4H (f0 hertz ɗin da tsinin ƙasa zai fito, Vs gudun girgiza a cikin yashi, H a nan kaurin yashin), yashi mai kaurin mita 2 da gudun mita 200 a daƙiƙa shi ma 25 ne cif. Dutsen nan kuwa ba ya da nisa a ƙarƙashin yashin.

Ƙa'idojin SESAME na 2004, wato jagorar aikin H/V da masu bincike na Turai suka fitar, sun ce tsinin inji yakan bayyana a dukkan fuskoki uku. Nawa tsinin a biyun na kwance yake fitowa sosai, na tsayen kaɗan-kaɗan. Wannan ya isa hujja? Ko in koma aunawa da tsakar dare?

Sannan iskar hunturu tana lalata mini duk abin da ke ƙasa da hertz 1. Binne na'urar cikin rami zai wadatar? Don Allah wanda ya taɓa cin karo da wannan ya haska mini.