Motata na mutuwa a kan tudu, ga gwajin tuƙi ya matso

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin gwajin tuƙi a wajen jami'an VIO. Saura kwana 9 in yi nawa gwajin, na kammala makarantar koyon tuƙi, takardar shaida ma tana hannuna, amma abu ɗaya ya tsaya mini a wuya.

Motar mai giyar hannu ce. A shimfiɗaɗɗen titi ba ni da matsala, ribas ma na fara gane kansa. Amma in na tsaya a kan tudu, tashi ya zama aiki. Na ja birkin hannu, na sa giya ta ɗaya, ina sakin kuloci a hankali ina ƙara totur, sai motar ta yi girgiza ta mutu. In kuwa na yi saurin sauke birkin, sai ta sulale baya. Jiya saura ƙiris na daki mai Keke Napep, har yanzu gabana na faɗuwa.

Malamina ya ce in saurari ƙarar injin, ni kuwa ban gane lokacin ba. Ta yaya kuke gane kuloci ya kama? Kuma in mota ta mutu sau ɗaya a gaban jami'in, shi ke nan mutum ya faɗi?