Faifan Montgomery Gentry mai kariyar kwafi, in sa shi a laftof ko kar in sa?

Abba_Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana kwamfuta da masu jin waƙoƙin kantiri na Amurka ina neman shawara. Kawuna tun zamanin kaset mutumin Don Williams ne da Jim Reeves da Kenny Rogers, to kwanaki wani abokinsa da ke zaune a Amurka ya aiko masa da tsofaffin faya-fayan CD na asali, a ciki akwai na Montgomery Gentry wanda suka tara fitattun waƙoƙinsu na 1999 zuwa 2005, sunansa Something to Be Proud Of. Motar da yake hawa yanzu rediyonta ba ta cin CD sai filas, shi ne ya ce in juye masa waƙoƙin ya riƙa ji a hanya. Da na duba bayan kwalin sai na ga wani ɗan akwatin rubutu ana cewa faifan yana da kariya, har da adireshin intanet da ya ƙare da xcp, kuma wani ya ce min irin waɗannan faya-fayan har kwamfuta suke lalatawa. Laftof ɗin nan ita kaɗai gare ni, duk aikin makarantata a ciki yake. Shin da gaske ne faifan waƙa zai iya lalata kwamfuta? In an sa shi a DVD na gida fa, ita ma zai taɓa ta? Sannan laifi ne mutum ya juye abin da aka saya da kuɗi don ya ji a motarsa? Na gode.

Injiniya_Farm_Centre:

Wa alaikumus salam Abba. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, faifan nan yana cikin guda 52 da kamfanin Sony BMG ya fitar a 2005 da wata manhaja mai suna XCP, wani kamfanin Ingila ne First 4 Internet ya rubuta musu ita. Amma ka kwantar da hankalinka, bari in yi maka bayani yadda abin yake.

Faifan kashi biyu ne. Akwai ɓangaren waƙoƙi irin na kowane CD, sannan a can gefen waje akwai ɓangaren da aka zuba manhajar kwamfuta. DVD na gida da rediyon mota ɓangaren waƙa kawai suke karantawa, babu abin da zai same su, kawu ya sa ya ji abinsa. Matsalar a Windows take, musamman XP na lokacin, don a wancan zamanin da ka tura faifai Windows da kanta take kunna duk manhajar da ke ciki, sai wata yarjejeniya ta fito da dogon turanci, mutum ya danna ya yarda ba tare da ya karanta ba, to daga nan ne take shiga can cikin tsarin na'urar ta zauna tsakanin Windows da na'urar da ke karanta CD. Idan ka zo juye waƙa da wata manhaja daban sai ta dagula sautin. Abin da ta yarda ka yi kwafi uku ne kacal, kuma da manhajarsu, waƙoƙin ma ko iPod, 'yar na'urar jin waƙa ta kamfanin Apple, ba sa shiga.

In da nan abin ya tsaya da sauƙi. Abin da ya tayar da ƙura shi ne ɓoye kanta take yi, duk wani fayil da sunansa ya fara da $sys$ to Windows ba za ta nuna maka shi ba, irin wannan dabara ita ake kira rutkit, kuma dabarar masu rubuta bairos ce. Wani masanin Windows Mark Russinovich ne ya gano ta a kwamfutarsa ya wallafa ranar 31 ga Oktoba 2005, shi ma faifan kantiri ne ya saya, na Van Zant mai suna Get Right with the Man. Ba a jima ba masu bairos suka fara sa wa nasu fayilolin wannan $sys$ ɗin, kaga manhajar kamfanin waƙa ta zama ita ce ke ɓoye su daga antibairos. Kuma idan ka ce za ka goge ta da hannu sai na'urar CD ɗinka ta ɓace gaba ɗaya daga kwamfuta, Russinovich da kansa haka ta faru da shi. Manhajar cirewa da suka fara fitarwa ita ma sai aka gano ta buɗe wata kafar tsaro.

Shawarata, ka sa faifan amma duk abin da ya fito yana neman ka kunna wata manhaja ko ka yarda da wata yarjejeniya ka rufe shi, kar ka buɗe fayilolin da ke ciki. In kana so ma ka shiga saitin Windows ka kashe AutoPlay, wato abin da ke kunna faifai da kansa, tun kafin ka tura shi. Laftof ɗinka in Windows 10 ko 11 ce mai bit 64 ba ta karɓar irin wannan tsohuwar manhaja marar hatimin tantancewa a cikin tsarinta, amma duk da haka kar ka gwada.

Tsohon_Mai_Kaset:

Yaro ka gaishe min da kawun naka, ka ce masa wani ɗan'uwansa a harkar Jim Reeves yana gaisuwa. Mu da muka taso ana sa waƙoƙin nan a gidajen rediyo mun san daɗinsu, murya a natse, kiɗa ba hayaniya, ko ba ka jin turanci sosai ka san mutumin nan labari yake ba ka na gida ko na rabuwa ko na tsoron Allah.

Abin da zan ƙara a kan maganar Injiniya, wannan rigima ba a 2005 ta fara ba, kuma tun farkonta a kan waƙar kantiri ta faɗo. A 2001 Charley Pride, baƙin Ba'amurken nan da ya yi suna a kantiri, ya fitar da faifan da ya yi don tunawa da Jim Reeves, shi ake lissafawa a matsayin faifan farko mai kariyar kwafi da aka sayar a Amurka, fasahar wani kamfani SunnComm aka sa masa. Wata mata a Kalifoniya ta saya ta ga ba ya yi a kwamfuta yadda ya kamata, ta kai kamfanin faifan da SunnComm kotu a kan ba su yi wa mai saye cikakken bayani ba, aka sasanta a 2002 suka yarda za su rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Shi ma kamfanin Philips, wanda da shi da Sony suka ƙirƙiro CD tun farko, ya fito ya ce irin waɗannan faya-fayan sun saɓa ƙa'idar CD, bai dace a buga musu tambarin nan na Compact Disc ba.

Ni abin da ke damuna su wa aka yi wa haka? Da yawa daga cikin masu sayen kantiri a Amurka magidanta ne da dattawa, mutanen da har lokacin suke shiga kanti su ciro kuɗi su sayi faifai. A cikin guda 52 ɗin nan akwai na George Jones, akwai na Rosanne Cash da Patty Loveless. Wanda ya biya kuɗi shi aka ɗaure, shi aka jefa kwamfutarsa cikin haɗari. Su kuwa Montgomery Gentry ɗin, Eddie Montgomery da Troy Gentry, 'yan Kentaki ne, mawaƙa ne ba su suka rubuta manhajar ba, amma sunansu ne a jikin kwalin. Troy ya mutu a haɗarin helikwafta a 2017, don haka a adana faifan nan da kyau.

Maman_Ilham:

Ni dai Baba ka yi haƙuri, ban ƙi maganarka ba amma ina ganin kamar an manta da ɗaya ɓangaren. Ƙanena waƙa yake yi a nan Kano, na san kuɗin da ke tafiya a sutudiyo kafin a gama waƙa ɗaya, kuɗin mai kiɗa daban na masu amshi daban, amma ranar da ta fita kafin yamma tana wayar kowa, masu turi sun tura wa mutane sun karɓi kuɗinsu, shi ko sisi bai gani ba. Duk mun ga yadda kasuwar faifan finafinan Hausa ta mutu, 'yan kasuwar da a da suke sayen fim su buga su sayar yau ina suke? Su ma kamfanonin can abin da suka gani kenan, tun daga manhajar musayar waƙoƙi ta Napster a 1999 mutane suka koma ɗaukar waƙa kyauta a intanet, ciniki yana ta faɗuwa. Mutum ya zuba dukiyarsa kuma ka ce kar ya sa kwaɗo a ƙofarsa? Ban ce abin da suka yi daidai ba ne, amma wallahi ina jin zafin mai fasaha, kuma ina so Abba ya sani idan ya juye wa kawu to a tsaya a kan kawu, kar gobe a ga an tura wa duk 'yan majalisa.

Injiniya_Farm_Centre:

Hajiya maganarki gaskiya ce a kan haƙƙin mai fasaha, ba wanda zai musa. Amma ki duba, a ƙofar wa aka sa kwaɗon? Kwamfutar ta mai saye ce. Har wani babban jami'i a ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, Stewart Baker, sai da ya ja musu kunne a lokacin cewa haƙƙin waƙoƙin nasu ne amma kwamfutar ba tasu ba ce. Shi kuma Thomas Hesse, wani shugaba a Sony BMG, da aka tambaye shi a rediyon NPR cewa ya yi ai yawancin mutane ba su ma san mene ne rutkit ba to me zai dame su, wannan maganar ta ƙara fusata jama'a sosai.

Kuma abin bai hana ɓarawo komai ba. Tun 2003 wani ɗalibi a jami'ar Princeton, John Halderman, ya nuna cewa kariyar SunnComm ta MediaMax in ka danne maɓallin Shift lokacin da kake tura faifai shike nan ba za ta tashi ba. Mai Linux ko Mac shi XCP ba ta ma taɓa shi. To mutum ɗaya ya juye ya ɗora a intanet ai magana ta ƙare, wanda ya ɗauko ta can kyauta waƙarsa tana shiga ko'ina lafiya lau, wanda ya saya da guminsa shi ke fama. Masu bincike ma sun gano akwai guntayen wata manhaja ta kyauta mai suna LAME a cikin kayan XCP ɗin, an ɗauka ba a bi sharuɗɗan masu ita ba, su ma ai masu fasaha ne da haƙƙinsu.

Ƙarshenta faifai wajen miliyan 4.7 aka buga da XCP, an riga an sayar da kusan miliyan 2.1, a Nuwamba 2005 kamfanin ya janye sauran daga kantuna ya ce a dawo da na hannu a musanya da marasa kariya. Jihar Teksas ta kai su kotu, Greg Abbott ne babban lauyan jihar a lokacin. A sasancin ƙarar da masu saye suka haɗu suka shigar an ba mutum zaɓi, dala 7.50 da album ɗaya kyauta ta intanet ko kuma album uku, sannan a 2007 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa su biya har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace. Microsoft da kanta ta sa ɓangaren ɓoyewar nan cikin abubuwan da manhajar tsaronta ke cirewa. Zuwa 2009 ko iTunes, shagon sayar da waƙoƙi na Apple a intanet, ya daina kulle waƙoƙi. Maganin matsalar ƙanenki yana wajen a samu hanyar da kuɗin zai dawo masa cikin sauƙi kuma hukuma ta bi masu sayar da aikinsa ba izini.

Barista_Zazzau:

A kan tambayarka ta uku Abba. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta hana karya fasahar da aka kare aiki da ita, kamar yadda dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ta hana, amma kuma ta bar ƙofa ga amfani na adalci, ciki har da amfanin mutum shi kaɗai. Abin da nake gani, faifai na asali ne, na kawunka ne, a motarsa zai ji, kuma kamfanin da kansa ya janye wannan kariya har ya ba masu musanya waƙoƙin a MP3. Wannan daban yake da mai zama a shago yana turawa ana biyansa. Sharaɗin Hajiya shi ne daidai, kar a raba kar a sayar.

Abba_Gwammaja:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Baba zan isar da gaisuwa insha Allah, Hajiya kuma na ji, filas ɗin kawu kaɗai za ta shiga. Injiniya saura abu ɗaya, na kashe AutoPlay ɗin, da wace manhaja zan juye? Kuma sauran faya-fayan yaya zan gane masu irin wannan abin?

Injiniya_Farm_Centre:

Windows Media Player ma ya isa, ka zaɓi MP3 ka ɗaga ingancin zuwa 256 ko 320 don rediyon mota ya fi saurin gane MP3. In ya yi maka gardama ka sauko da Exact Audio Copy, kyauta ce kuma tana nuna ɓangaren waƙa daban da na manhaja, sai ka zaɓi waƙoƙin kawai. Sauran kuma ka duba bayan kwali da gefensa, in ka ga wannan akwatin rubutun da xcp ko sunan SunnComm ko MediaMax, ko tambarin Copy Control da EMI suka yi amfani da shi, to ka bi su yadda za ka bi wannan. Yawanci na tsakanin 2001 zuwa 2006 ne, na su Don Williams da aka buga kafin nan babu komai a cikinsu sai waƙa.