An ƙi amincewa da buƙatar diyyar maigidana, wace hanya za mu bi mu ɗaukaka ƙara?

Matar tsohon soja, daga Bronx:

Assalamu alaikum. Maigidana ya yi shekara shida a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, kuma daga 2006 zuwa 2007 yana sansanin Balad a Iraƙi yana tuƙa manyan motocin kaya. Tun da ya dawo bai rabu da ciwon baya ba, har ta kai yanzu a kan kujera yake sallah, ga kuma asma da likita ya tabbatar masa bayan ya bar aiki. Abin shaƙar maganinsa ba ya barin gefen gado. A 2019 ya nemi diyyar nakasa a kan asmar daga VA, hukumar kula da tsofaffin sojoji, ba a amince ba, ya haƙura. A kan ciwon bayan kuwa, wata takwas ke nan da wasiƙa ta zo tana cewa an yarda yana da ciwon, amma babu hujjar da ta danganta shi da aikin soja. Sakacin daga gare mu yake, domin ba mu haɗa da takardar likita ba, shi kuma lokacin da yake soja bai cika zuwa asibitin sansani ba don kada a ce rago ne. Shi ya ce a bar wa Allah, ni kuwa ina ganin haƙƙinsa ne. Ina neman shawararku.

Tsohon soja, daga Maryland:

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abu na farko shi ne lokaci. Shekara guda kuke da ita, kuma daga ranar da ke rubuce a saman wasiƙar ake ƙirga ta, ba daga ranar da ta iso gidanku ba, saboda haka wata huɗu ya rage muku ko ƙasa da haka. In kun motsa cikin wannan wa'adi kuma aka amince daga baya, za a biya shi tun daga ranar da ya fara neman diyyar ciwon bayan.

Tun watan Fabrairun 2019 hanyoyi uku ne. Ana iya neman babban jami'i ya sake duba fayil ɗin, amma shi ba ya karɓar sabuwar hujja, kuma tunda matsalarku rashin hujja ce, abin da na farko ya gani shi na biyu zai gani. Ana iya zuwa gaban Kwamitin Ɗaukaka Ƙarar Tsofaffin Sojoji da ke Washington. Ni dai shawarata ita ce ku cike fom mai lamba 20-0995, wato ƙarin buƙata tare da sabuwar hujja. Ku nemi likitan da zai karanta takardun aikinsa na soja, ya rubuta ra'ayinsa tare da dalilai cewa yiwuwar ciwon ya samo asali daga aikin ta kai kashi 50 cikin ɗari ko fiye, domin doka ta ce in hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake ba gaskiya. Abokin aikinsa da ya gan shi yana dafe ƙugu in ya sauko daga mota yana iya rubuta shaida a fom 21-10210, ke ma kina iya rubuta abin da idonki ya gani tun ranar da ya dawo gida.

Ma'aikaciyar jinya, daga Houston:

'Yar'uwa, ni maganar asmar ce ta tsaya mini a rai. A watan Agustan 2022 aka sanya hannu a kan dokar PACT saboda sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara, kuma ramin Balad yana cikin waɗanda suka fi ƙaurin suna, domin roba da taya da sharar asibiti duk a ciki ake cinna musu wuta. A ƙarƙashin wannan doka, asmar da aka gano bayan barin aiki ana ɗaukarta kai tsaye a matsayin ciwon da aikin ya jawo ga wanda ya yi aiki a Iraƙi, ba sai ya kawo takardar da ta haɗa su ba. Ƙin amincewar 2019 bai rufe masa ƙofa ba. Da fom 20-0995 da Malam na Maryland ya ambata zai sake nema, sai dai kuɗin ba za su koma har 2019 ba, tunda babu dokar a lokacin. In an kira shi gwajin likita, don Allah ya daina cewa "da sauƙi" kamar yadda muka saba. Ya faɗi yadda ranar da ta fi tsanani take kasancewa, da yawan daren da tari ke tashinsa.

Wani dattijo, daga Columbus:

Hajiya, na yarda da abin da aka faɗa, amma kada ku ɗauki zuwa gaban kwamiti abin tsoro. Ɗana ta can ya bi da fom 10182, ya yi wa alƙali bayani da bakinsa ta bidiyo, kuma an ba shi kwana 90 bayan zaman ya ƙara hujja. Jiran dai ya yi tsawo ƙwarai, shi ya sa nake ganin ku fara da hanyar da Malam ya nuna. Ko kwamitin ya ƙi, akwai kotu ta musamman da ake kai ƙara cikin kwana 120.

Ku yi hattara da masu kiran waya suna neman kaso daga kuɗin wata-wata alhali ba su da izinin wakiltar kowa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna taimakawa kyauta, lauya mai izini kuma yawanci kashi 20 cikin ɗari yake ɗauka daga bashin baya kaɗai, wato kuɗin diyyar da suka taru kafin a amince. Kafin ku ga likita, ku nemi kwafin fayil ɗin maigidan gaba ɗaya, domin a cikinsa muka tarar da rubutun wani likitan sansani na rana ɗaya da ɗana ma ya manta ya taɓa zuwa wurinsa.