Injin casar shinkafa: a Kano zan kafa ko a Jigawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyar ina sayar da shinkafa 'yar gida a Kura. Yanzu ni da yayana mun haɗa jari za mu sayi injin casa, mu ɗauki ma'aikata kamar goma. Yaya ya dage sai mu kai injin Haɗeja, wai haraji ya fi sauƙi a Jigawa. Ni kuwa kwastomomina duk a Kano suke. Shin da gaske haraji ya bambanta haka tsakanin jihohi? Bara mutum huɗu suka zo shagona, kowa da rigarsa da rasit ɗinsa, har yau ban san na wa na biya ba.

Wani akanta:
Wa alaikumus salam Malam. Ka gaya wa Yaya manyan harajin ba gwamna ke yanka su ba. In kun yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, harajin riba da VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kayan da aka sayar, na kashi 7.5 cikin ɗari, duk na tarayya ne, ko a Kura ko a Haɗeja. Jiha ce ke karɓar harajin albashin ma'aikata, amma ma'auninsa ɗaya ne a faɗin ƙasa. Ga kuma dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025: mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara ba ya biya. Inda jihohi suke bambanta shi ne takardar mallakar fili, kuɗin ƙasa na shekara, kuɗin wurin sana'a, da 'yan kuɗaɗen ƙaramar hukuma. Nan za ku bincika.

Wata Hajiya mai kamfanin ruwan leda:
Ɗana, yawan kuɗin bai taɓa damuna kamar yawan masu karɓa ba. Dubi Kaduna. A 2016, zamanin El-Rufai, suka tattara harajinsu cikin doka guda, suka danƙa wa hukuma ɗaya, KADIRS, suka hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya sa su cikin jihohin da suka fi gyara harkar kasuwanci. Ban ce an daina damun mutane gaba ɗaya ba, amma ka san abin da ake binka. Duk wanda ya zo maka, ka ce ya ba ka takardar biya ta banki.

Wani direban tirela:
Alhaji, ku lissafa hanya fa. In ka case a Haɗeja ka kawo Kano, ga kuɗin mota, ga masu tare hanya da sunan harajin amfanin gona. In ka case a Kura ma, shanshera daga can za ka riƙa ɗaukowa wani lokaci.

Akanta:
Direba ya taɓo wurin. Kuma kafin haraji ya ci muku naira ɗaya, dizal ya ci goma. Ku je KIRS, hukumar harajin Kano, ku je InvestJigawa, hukumar jawo masu zuba jari ta Jigawa, kowa ya ba ku jerin kuɗaɗensa a rubuce, sannan ku tambayi masu injin kowane gari awa nawa suke samun wuta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Litinin zan ja Yaya mu tafi Dutse tare, ya ji da kunnensa. Hajiya, in na ƙi biyan masu rasit ɗin nan, ba za su garƙame min shago ba?