Wane kamfani zan ɗauka a binciken digirina na biyu?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina rubuta kundi kan kamfanonin ƙasashe masu tasowa da suka bazu zuwa ƙetare. Malamina ya ce in ɗora aikin a kan nazarin masanin tattalin arziki John Dunning, amma duk kamfanin da na ɗauko sai ya ƙi shiga tsarin nazarin. Me zan karanta, kuma wanne zan zaɓa?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ƙin shigar nan ai shi ne binciken naki. Dunning cewa ya yi kamfani ba ya fita waje sai yana riƙe da abin da ya fi wasu da shi, fasaha ko suna ko ƙwarewa, kuma kamfanonin Amurka da Turai ya duba. To Lenovo na ƙasar Sin fa? A 2005 ya sayi sashen ƙananan kwamfutoci (PC) na kamfanin IBM na Amurka, wato abin da ba shi da shi ya fita nema. Haka Geely, kamfanin motoci na Sin, ya yi da Volvo a 2010. Ki nemi maƙalar John Mathews ta 2006, da ta Luo da Tung ta 2007.

Hajiya Rabi: Ni Tata na Indiya zan ba ki, don bayanansa a wadace suke. A 1977 masanan jami'ar Uppsala ta Sweden sun ce kamfani daga maƙwabta yake farawa, yana tafiya sannu a hankali. Tata kuwa Ingila ya dosa: ya sayi kamfanin shayi na Tetley a 2000, na ƙarafa Corus a 2007, sai Jaguar Land Rover a 2008 kan dala biliyan 2.3.

Injiniya Auwal: Hajiya, a gafarce ni, me zai kai ta Indiya ga Dangote a gida? Simintinsa ya shiga Habasha, Senegal, Zambiya, Tanzaniya da Kamaru. Ki je masana'antar simintinsa ta Obajana a jihar Kogi ki gani. Masana'antar tana da tashar wutarta, ga tireloli jere a bakin hanya suna jiran lodi, da yawansu na kamfanin ne. Wanda ya saba samar wa kansa wuta da sufuri, in ya isa ƙasar da babu su ba ya razana. Masana Khanna da Palepu sun yi rubutu sosai kan irin wannan giɓin da kamfani ke cike wa kansa.

Dakta Nura: Na yarda da Injiniya, amma kada ki rubuta yabo zalla. Tun 2002 gwamnatin Obasanjo ta ɗaure lasisin shigo da siminti da sharaɗin gina masana'anta a gida. Kariyar nan ta taimaka wajen tara jarin da aka fita da shi. Dole kundinki ya tambaya: nawa ne iya tafiyar da kamfani, nawa ne inuwar gwamnati? Tambayar da ake yi wa kamfanonin Sin ma ke nan.

Kabiru: Ni ban yi boko mai zurfi ba, waya nake sayarwa a kasuwar Farm Centre ta Kano. Anti Zainab, ki duba Transsion, masu Tecno da Itel da Infinix. Mai saye yana zuwa zai tambayi layi nawa take ɗauka, batir yana kwana, hoto yana fito da baƙar fata tas? Transsion sun saurari waɗannan tambayoyin da gaske.

Malam Bashir: Kabiru ya kawo magana mai nauyi, sai dai ki riƙe kamfani ɗaya, lokacinki kaɗan ne.

Zainab: Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki Dangote, in kwatanta shigarsa Habasha da Senegal, in ware babi guda don tambayar Dakta. Ina zan samu alƙaluma?

Dakta Nura: Yana kasuwar hannun jari ta Najeriya tun 2010, rahotanninsa na shekara suna shafinsa na intanet kyauta. Fara da na 2015, shekarar da masana'antar Habasha ta soma aiki.