Yaya zan haɗa ƙaramar MP3 da rediyon mota ta? A taimaka

Direban Aboabo:

Salamu alaikum jama'a. Ina da Corolla 2005 wadda aka shigo da ita daga Amurka, ita nake aiki da ita Kumasi zuwa Tamale, wani lokacin in sauka Ankara babban birnin Ghana. Rediyon da ta zo da shi faifan CD kawai yake ci, babu kaset, babu ramin AUX na soka wayar sauti, babu na filas. To ni kuma akwai wata ƙaramar MP3 da mahaifina Allah ya jiƙansa ya bari, a ciki akwai karatun Alƙur'ani da tafsirin da shi da kansa ya riƙa ɗauka a masallacin unguwarmu duk azumi, har muryarsa ana ji a ciki wajen da yake yi ma malam tambaya. Wallahi ba kiɗa ne ya dame ni ba, wannan muryar nake so in riƙa ji a hanya, kuma ba zan iya toshe kunne da iyafis ina tuƙi da fasinja a baya ba.

Na sayi modileta wajen wani yaro a kasuwar Kejetia ta Kumasi, irin wadda ake sokawa a ramin laita, tana da wayar da ke shiga MP3 ɗin, ita kuma ta aika sautin zuwa rediyo kamar tashar FM. Tana kawo sauti amma da shuuu kamar ana ruwan sama a kan kwano, kuma cikin gari wata tasha sai ta riƙa shigowa kan karatun, jiya ana tsakiyar aya sai ga tallan magani. In na sa caji kuma wani kuka ne siriri ke tashi, ina taka totur yana ƙaruwa. Kayan ne jabu ko ni ne ban iya ba? Kuma akwai wata hanyar da ta fi wannan?

Mai Wayarin na Magazin:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baaba ya sa can ta fi nan. Kafin ka zagi yaron Kejetia fara duba lambar da ke kan fuskar modiletar ka gaya min. Ina zargin 108.0 ce ko 88.0 ko wata mai ƙarewa da sifili. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne rediyon motar Amurka ba ya tsayawa kan kowace lamba, tsalle yake yi 88.1, 88.3, 88.5 haka har 107.9, duk mara. Ke nan in modileta tana magana a 108.0 kai kuma rediyonka ya ƙare a 107.9, kana gefen tashar ne ba ka shiga cikinta ba, dole ka ji shuuu. Mayar da ita kan lamba mara, daidai da abin da rediyon ke nunawa harafi da harafi. Masu Vitz da sauran motocin da suka zo da rediyon Japan tasu matsalar daban ce, nasu daga 76 yake farawa ya tsaya a 90, su sai su nemi wuri tsakanin 87.5 da 90.

Na biyu, ita modileta ai ƙaramar tashar rediyo ce kake ɗauke da ita a mota, ƙarfinta bai wuce 'yan taku ba, ba za ta iya kokawa da tashar da ke da doguwar eriya ba. Kumasi kuwa an cika iska da tashoshi, Zuria na 88.7, Luv na 99.5, Nhyira na 104.5, ga wasu birjik a tsakani. Cire modiletar tukuna, ka bi lambobin rediyon ɗaya ɗaya da hannu har ka sami inda babu kowa, kuma lambar da ke gabanta da ta bayanta su ma shiru, nan za ka zauna. Amma ka sani wurin da babu kowa a Aboabo kana isa Techiman ka iske mai shi. Bayan Kintampo ne abin ke yin daɗi don tashoshi sun ragu.

Kukan da ke bin totur kuma ba laifin modileta ba ne, altaneta ce kake ji, wato injin da ke yi wa batirin mota caji. Yana faruwa in caja da wayar sauti duk suna manne da jikin wutar mota lokaci ɗaya, sai ƙazamar wutar ta sami hanyar zagayawa ta shiga sauti. Mafi sauƙi cika MP3 ɗin da caji a gida, a mota kar ka sa mata caja, ko ka ba ta wuta daga fawabank. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ake sawa a tsakiyar wayar sautin yana katse wannan hanyar da wutar ke zagayawa, masu kayan sauti a Adum sun san shi in ka kwatanta musu kukan.

Amma in ni ne kai, gaskiya zan bar modileta gaba ɗaya. Rediyon Toyota da yawa na waɗannan shekarun suna da wani soket a bayansu wanda aka yi don injin canza faifai, kuma akwai adafta da ke shiga nan ta fito maka da wayar AUX, rediyon yana ganin kamar faifai yake ci alhali MP3 ɗinka ce. Sautin ta waya yake bi kai tsaye, babu tashar da za ta shigo maka. Ba kowane rediyo ke da soket ɗin ba, sai an zaro shi an duba baya, aikin minti kaɗan ne ga wanda ya saba, kar dai ka bari a ɓalle maka robar dashbod da sukudireba.

Ɗan Alabar:

Masta duk wannan wahalar ta mece ce? Ya cire rediyon kawai ya sa sabo mai Bluetooth da filas da AUX, an gama. Ni abin da na yi ma tawa ke nan shekara biyu yanzu ban sake tunanin modileta ba, kuma tun da Apple suka cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016 wayoyi da yawa suka bi sahu, yau ko gobe fasinja zai ce a sa masa abu daga wayarsa ka rasa inda za ka soka. In ramin dashbod ɗinka mai tsayin santimita 5 ne ka sayi siriri, in 10 ne ka sayi babba, faɗin duk ɗaya ne wajen santimita 18.

Mai Wayarin na Magazin:

Ƙanena ban ƙi taka ba, amma ka san sau nawa ake turo min mota da safe batir ya mutu saboda sabon rediyo? Akwai waya rawaya wadda ke da wuta kullum don rediyo ya riƙe ajiyarsa, akwai ja wadda sai an murɗa makulli take samun wuta, baƙa kuma ta jikin mota ce. Yaron da bai ƙware ba sai ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya ya naɗe da salatif, rediyo ya kwana yana shan batir. Wani ma ya yanke soket ɗin asali na motar ya jefar, ranar da kake son mayar da tsohon rediyon babu hanya. In zai canza ya canza, amma da soket mai haɗa biyun ba tare da an yanka komai ba. Kuma wasu rediyoyin masu arha fuskarsu kawai ke da kyau, sautin na asalin Toyota ya fi su nesa ba kusa ba. Shi mutumin nan murya yake son ji tas, ba fitilu masu canza kala ba.

Hajiyar Asawase:

Ɗana ni ban san waya ja ko rawaya ba, amma tun da na karanta maganarka hankalina bai kwanta ba. Ka ce muryar mahaifinka tana cikin wannan ɗan abin, to ina tambayarka, akwai ta a wani wuri kuma? In babu, don Allah yau ɗin nan kafin ka je wajen kowane mai gyara ka kai a juye maka komai a kwamfuta, a sa a filas biyu, ɗaya ka ba 'yan'uwanka su ajiye. Mu ma mun yi irin wannan, maigidana Allah ya jiƙansa yana da wata da yake ɗaukan wa'azi da ita, yara suka bar ta cikin mota rana ta dake ta wuni guda, batirin ya kumbura ya ɓare murfin, aka zagaya da ita wajen masu gyara ba a samo ko abu ɗaya ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Hanyar Tamale da zafin nan na watan uku ba wurin ajiye irin wannan abu ba ne. Ka bar ta a gida cikin akwati, kwafin ya riƙa bin ka hanya.

Direban Aboabo:

Hajiya wallahi kin taɓa ni, ban taɓa juye shi ko'ina ba, shekara huɗu ke nan yana cikin wannan abin kaɗai kuma kullum a kan dashbod nake barinta. Na kira ƙanena da ke da laftof, bayan isha'i zai zo mu yi, Allah ya saka miki da alheri.

Masta maganarka ta fito, na fita na duba yanzu, modiletar tana kan 108.0 rediyon yana 107.9. Na bi lambobin kamar yadda ka ce na sami wani wuri shiru can ƙasa, shuuu ɗin ya ragu sosai har na ji tarin da Baaba yake yi kafin ya fara tambaya, abin da ban taɓa ji a motar ba. Kukan ma na cire caja ya ɗauke. Sai dai in na ƙure ƙarar MP3 ɗin muryar malam tana fashewa, ko sifika ce ta mutu? Adaftar bayan rediyon nake so in yi in na dawo daga wannan tafiyar, ranar Asabar in Allah ya so zan shigo Magazin, unguwarku ta masu gyaran mota.

Mai Wayarin na Magazin:

Sifikarka lafiya lau take. Kar ka ƙure MP3 ɗin, tsayar da ita wajen kashi uku cikin huɗu, sauran ƙarar ka ƙara ta a rediyon mota. Ka duba kan wayar ma, mai zobe biyu baƙi ita ce ta sauti zalla, mai zobe uku ta iyafis mai makirfo ce kuma wani lokacin ba ta zama daidai a ramin. Tunda za ku juye a filas, ku yi masa fomat na FAT32, yawancin modileta shi suke karantawa, in taka tana da ramin filas ka ga ba sai MP3 ɗin ta fita gida ba kamar yadda Hajiya ta ce. Da dare ka riƙa zare modiletar in ka ga fitilarta ba ta mutuwa bayan ka cire makulli. Asabar ka zo da safe kafin rana ta yi, ka taho da wayar da kake amfani da ita mu gwada da ita.