Atisayen ƙwallo da tsakar rana, ba shan ruwa: horo ne ko cutarwa?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 11, yana ƙungiyar ƙwallon yara ta unguwarmu a Kano. Atisaye daga ƙarfe 2:30 zuwa 5, kwana biyar a mako. Suna farawa da zagaye fili sau goma, ba a shan ruwa sai an tashi, wai don su saba da wahala. Wanda ya yi kuskure a sa shi tsallen kwaɗo. Ana kuma jera su a wurga musu ƙwallon manya suna sa kai. Yanzu yaron na kukan ciwo a ƙasan gwiwa. Kocin don Allah yake yi, ba biyansa ake ba, shi ya sa nake jin nauyin yi masa magana. Don Allah wanne ne horo, wanne ne ya wuce gona da iri?

Malamin Motsa Jiki:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar ruwa ita ce gaba da komai, kuma ba ta jira. Hana ruwa ba ya ƙara juriya. Jini ne ke raguwa, zuciya ta ƙara gudu, zufa ta ja baya, zafi ya taru a jiki. A Afrilu da Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, ƙarfe 2:30 kuwa rana na kan ganiyarta. Ko a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil an tsayar da wasan Holan da Meziko 'yan wasa suka sha ruwa, balle ɗan shekara 11.

Yaro mai shekara 9 zuwa 12 yana buƙatar mililita 100 zuwa 250 duk minti 20, wato kusan kwata zuwa rabin ledar fiya wata. Ya sha kafin ya fita daga gida. Ki riƙa tambayarsa kalar fitsarinsa. In ya yi duhu kamar ruwan shayi, ruwa bai ishe shi ba. A mayar da atisayen bayan la'asar, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta wadatar. Ƙa'idar da masu horar da yara ke bi ita ce awannin atisaye a mako kada su haura shekarun yaro, naki kuwa yana yin 12 da rabi.

In yaro ya fara tangaɗi, amai, ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a cire riga, a kwarara masa ruwa ana fifita, sannan a nufi asibiti. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Sannan ki san jinin yaron. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, yana buga ƙwallo lafiya lau, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi masa haɗari, kuma ya kamata koci ya sani.

Mai Gashin Ƙashi:
Hajiya, ki sa yatsa biyu ƙasa da ƙoƙon gwiwarsa ki danna a hankali. In akwai ɗan tudu mai zafi, mai yiwuwa abin da likitoci ke kira Osgood-Schlatter ne, wanda ya yawaita daga shekara 10 zuwa 15. Jijiyar da ta sauko daga cinya ce ke fizgar wurin da ƙashi bai gama ƙwari ba. Tsalle da tsuguno a kan busasshiyar ƙasa su ke tayar da shi, tsallen kwaɗo kuwa ya haɗa duka biyun. Ya rage tsalle da gudu har zafin ya lafa, a ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 bayan wasa, ya riƙa miƙe naman gaban cinya. Kada a murza wurin, kada a kai shi wajen mai ɗori, ba targaɗe ba ne. Yawanci yana wucewa in girma ya tsaya. Amma in gwiwar ta kumbura, ko da zazzaɓi, ko ciwon na tashinsa cikin dare, ko yana ɗingishi, to likita zai gani.

Ƙwallon ma ba tasa ba ce. Ta manya, wato lamba 5, ta 'yan shekara 13 zuwa sama ce, tasa lamba 4. A Amurka tun 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai, aka taƙaita wa 'yan 11 zuwa 13, saboda wuyan yaro bai yi ƙarfin tare bugun ba.

Baban Gola:
Duk na yarda, sai dai kada a kushe gudun gaba ɗaya, yara na buƙatar numfashi. Matsalar zagayen fili ita ce minti 20 sun tafi ba wanda ya taɓa ƙwallo. A raba su huɗu-huɗu a ƙaramin fili, minti 4 wasa, minti 2 hutu da ruwa, gudun zai zo da kansa.

Wajen magana da kocin kuma, Hajiya, kada a tare shi gaban yara ko bayan an ci su. A samu iyaye biyu ko uku, da wani dattijo da yake jin nauyinsa, a same shi a gida. A fara da godiya, don ya cancanta. A je da buƙata uku kawai: ruwa duk minti 20, canjin lokaci, a bar tsallen kwaɗo. Ku ɗauke masa nauyin kayan, ku yi karo-karo ku sayi kula ta ruwa da ƙwallo lamba 4 guda uku. Wanda zai buga da wanda zai zauna a benci kuwa, wannan hurumin koci ne, a bar masa.

Maman Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. In ya ƙi maganar ruwan fa?

Malamin Motsa Jiki:
To yaron ya zauna a gida har a gyara, ko ki nema masa wata ƙungiyar. Ki kuma sanar da sauran iyayen dalilinki, don 'ya'yansu na cikin ranar.